Wa Ke Bayan Muhsinat?

Al Warsan, Dubai
Nuwamba, 2018

Zuwa ga Inna, a Yelwan Yawuri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Sa'adiya da yaranta da duk mutanen gida. Ya ƙafar? Alhaji Dikko zai kawo miki man zafi da dabino idan ya sauka Kano. Ɗanki yana gaishe ki, aikin tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali ya sha masa kai, kwantena ba ta ƙarewa. Nasir ya fara tafiya, ya kuma fara ɓarna.

Inna, kin sha cewa magana mai nauyi takarda ake ba ta, ba waya ba. To ga mai nauyin na kawo, kuma a kan ƙawar taki ce. Ban manta ba cewa taki ce. Ke kika yaye ta, ke kika riƙe ta har ta isa makaranta, aronta kika ba mu ta zo karatu. Shi ya sa ba zan yanke komai a kanta ba sai da yawunki.

Bara makarantarsu ta kai su bakin teku a Umm Suqeim. A can akwai wata dattijuwa 'yar Maroko, Malama Zuhra, tana koya wa yara hawan igiyar ruwa. Wani allo ne dogo kamar ƙyauren ɗaki, amma ba nauyi. Yaro ya kwanta a kai, idan igiyar ruwa ta taso sai babba da ke tsaye a bayansa ya tura shi, shi kuma ya miƙe tsaye ruwan ya kawo shi gaɓa. Ni Bakanuwa ce, ruwan da na sani na randa ne da na famfo, ranar farko har addu'ar tafiya na karanta. Ita kuwa mutuniyar taki sai ka ce a cikinsa aka haife ta.

Yanzu Malama Zuhra ta ce a sa ta a gasar 'yan mata ƙanana da za a yi cikin sanyin nan. Ba a sa rana ba, domin tekun nan malalaci ne, ba ya tashi sai iskar arewa ta kaɗa. Na san abin da kogi ya yi miki a kan Baba, mahaifin ɗanki, Allah ya jiƙansa, shi ya sa na daɗe ina juya maganar kafin in rubuto. Akwai masu ceto, kuma rigar da take sawa ta rufe mata jiki har kai. Ɗanki ya ɗauki bidiyo ya tura wayar Sa'adiya don ki gani da idonki.

Idan kin amince, to. Idan ba ki amince ba, duk abin da kika ce shi za a yi. Allah ya ƙara girma da lafiya.

Taki mai biyayya,
Safiya

*

Yelwa, Yawuri
Disamba, 2018

Safiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa tana nan yadda kika san ta. Man zafi ya iso, dabinon kuma jikoki sun yi masa taron dangi, ƙwallo kawai na gani. Sa'adiya za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki, don ba zan jira Dikko ba.

Na kalli abin da Mika'ilu ya turo. Na sa an maimaita mini har wayar ta yi zafi. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, kwana na yi da ɓacin rai.

Da na ba ku Muhsinat, ban ba ku don ta yi mini yawa ba. Na ce ta je ta yi karatu kusa da iyayenta. Tunda haka abin yake, idan an yi dogon hutu ku haɗa mata kayanta ku sako mini ita. Makarantar Yelwa ba ta rushe ba. Kafin nan kada ta sake shiga ruwan nan.

Ki gaishe da Mika'ilu, ki ce ya rage tumbi. Allah ya raya Nasir.

Inna Sabuwa

*

Dubai
Disamba, 2018

Zuwa ga Tsohuwa ƙawata,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, ina haƙoran da suka rage? Ni ce Muhsinat. Anti ba ta san na rubuto ba, wayar Baba na ara na ɗauki hoton takardar. Idan rubutuna ya karkace, fushi nake yi.

Tsohuwa, me na yi miki? Tun da takardarki ta zo an jingine allona a bayan firji. Anti ta ce khalas, magana ta ƙare, Inna ta hana. Sai ta shiga kicin ta ce albasa take yankawa, alhali shayi kawai ta dafa.

Bari ki ji labarin Malama Zuhra, ƙila ki sauko. Ta kusa kai ki tsufa amma ta fi ki gudu. A ƙauyensu na masunta babu macen da ta taɓa hawa igiyar ruwa sai ita. Wani karyayyen allo ta tsinta da baƙi suka yar, ta gyara shi, ta riƙa sa rigar yayanta ta fita da asuba. Har jifanta aka yi. A rumfarta ta rataye hotunan mata irinta daga ƙasashe da yawa, duk waɗanda suka fara a garuruwansu. Ta ce a gasarmu kowace yarinya za ta rubuta sunan macen da ta riga ta shiga ruwa a jikin allonta, don kada a manta da su. Ƙawata ta rubuta na kakarta. Ni ba ni da kowa, Malama ta ce in ari nata.

Kuma mata ne kawai ke shiga su tura mu. Kowa mamarta ke tura ta, suna ta ihu yalla habibti, wato maza 'yar lelena, suna kiran suna. Ni Malama ke tura ni. Anti takan tsaya daidai inda ruwa ke taɓa yatsun ƙafa, tana riƙe da tawul ɗina, bakinta yana motsi. Ba ta taɓa fashi ba. Amma ba ta kiran sunana, ko a gida "ke" take ce mini, ko "mutuniyar Inna". Ranar da Baba zai ɗauki bidiyo ne ma ta ce tunda Inna za ta gani, bari ta koma can nesa. Ta je ƙarƙashin lema ta juya baya. Na tambaye ta dalili ta ce idan na girma zan gane. Ke da kika girma har kika wuce, kin gane?

Ina son zuwa Yelwa, amma hutu, ba kora ba. Don Allah ki bar ni in yi gasar. Idan na ci kofi zan ba ki ki riƙa shan kunu da shi.

Ki gaishe da Goggo Sa'adiya da akuyata idan ba ku cinye ta ba.

Ƙawarki,
Muhsinat

*

Yelwa, Yawuri
Janairu, 2019

Safiya 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Akuyar tana nan, ki gaya wa mai ita, har ta haihu.

Wannan ja'irar ta rubuto mini, kada ki yi mata faɗa. Da ba ta rubuto ba, da ni da ke mun yi ta noma gona ɗaya muna ba juna baya. Kin ɗauka ruwa na hana. Ni kuwa ba ruwan na gani a wayar ba. Na ga kowace yarinya da uwarta a bayanta cikin teku, tawa kuma baƙuwa ce a bayanta, uwarta tana can ƙarƙashin lema ta juya ƙeya. Na ce shi ke nan, boko da aikin ofis sun cinye Safiya, 'yar ta zama kaya. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai mai kunyar ɗan fari a garin da ake gini har cikin gajimare ba. Ashe ni kike wa kara. Allah ya yi miki albarka, iyayenki sun yi tarbiyya. Amma wannan karar ta kusa raba ki da 'yarki.

Zauna ki ji abin da ko Mika'ilu bai sani sosai ba. A gungu aka haife ni, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, kafin ruwan madatsar Kainji ya haɗiye shi. Idan kogi ya cika, samari sukan yi tsere a kan gora, su rungume shi da ƙirji su tsallaka zuwa wancan hayi. Mata aikinsu guɗa. Ni kuwa kan nan nawa da kike gani ba yau ya fara tauri ba. Ina 'yar shekara goma sha biyu na ɗauke goran babana na faɗa cikinsu. Aka yi dariya, aka yi salati, na sha dukan da ya hana ni zama. Shekara ta zagayo na koma. Wannan karon mu huɗu ne mata.

A tsere na uku gorana ya bugi dutse ya dare, ruwa ya juya ni. Da na taso ban san gabas ba, ban san yamma ba. Mutane a gaɓa suna ta ihu, yarinya nan, yarinya can, muryoyin sun cakuɗe kamar kasuwa. Ni 'yar fari ce, uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ko kallona ba ta yi a gaban mutane. Sai na ji an ce, "Sabuwa!" Muryar da na sani ce, da sunan da ban taɓa ji a cikinta ba. Na bi ta kawai. Da na isa, ruwa ya kai mata ƙirji, ita da ba ta iya iyo ba.

Kogi ya ci mijina, gaskiya ne, amma kogin ne ya ciyar da mu shekara da shekaru kafin nan. Ba na gaba da ruwa. Abin da na sani shi ne yaro ba ya shiga ruwa sai da nasa a baya.

Ga sharaɗina. Ke za ki shiga ki tura ta, ba 'yar Maroko ba, ba Mika'ilu ba. Shi kifi ne, shigarsa ba labari ba ce. Maganar suna kuma, ni ce ake jin wa kunyar, to na yafe. Idan kin iya, ta yi gasarta. Idan ba ki iya ba, maganar hutu tana nan.

Ki ce da ita ba a aron kaka. Ta rubuta nawa, ta rubuta shi da kyau.

Allah ya yi muku albarka.

Inna Sabuwa

*

Al Warsan, Dubai
Janairu, 2019

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso ina ofis a Al Quoz. Na karanta ta a tsaye tsakanin kwalaye, na yi ajiyar zuciyar da har direbanmu ya tambaya ko lafiya. Wata guda ke nan abinci ba ya yi mini daɗi. Ranar nan sai da na ƙara.

Da na kai ga sharaɗin ne murna ta koma ciki. Amma an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na sayi rigar iyo mai rufe jiki, baƙa, na yi kama da buhun gawayi. Kowace Juma'a da sassafe Malama Zuhra tana shiga da ni, tana cewa shwayya shwayya, wato a hankali. Ranar farko ruwa ya kai mini gwiwa na ce a kai ni gida. Yanzu yana kai mini ƙugu, kuma gishirin da na sha ya isa miyar shekara. Da ɗanki ya fassara mata labarin goranki, dattijuwar nan ta zauna a kan yashi ta ce ashe tana da yaya a Najeriya ba ta sani ba.

An fito da allo daga bayan firji. Ƙawar taki ta rubuta sunanki da jan fenti, baƙaƙe manya, har da fure. Ki duba halin da kika sa ni, Inna. Ban da na ɗanki, sunaye biyu ne a duniya ba na iya faɗa, yanzu ga ɗaya kwance a kan ɗaya, kuma ni zan tura su.

Ruwan ina ganin zan iya. Sunan ne har yanzu. Na gwada ni kaɗai a mota, harshena ya kai harafin farko ya tsaya. A taya ni da addu'a.

Taki mai biyayya,
Safiya

*

Al Warsan, Dubai
Fabrairu, 2019

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Kafin komai, kowa lafiya. Na fara da wannan don ki karanta sauran hankali kwance. Ina gaishe ki, ina gaishe da Sa'adiya.

An yi gasa. Mun yi ta jiran iska har yara suka fara fid da rai, sai ranar Alhamis da yamma saƙo ya zo cewa ta taso, gobe a hallara. Da muka isa na ga tekun da ban sani ba. Wanda na saba da shi kore ne mai ladabi, wannan toka-toka ne, yana ta huci. Na kalli ɗanki, ya kalli sama, ya ce shi Nasir aka ba shi riƙo.

Mai sanarwa yana kiran kowace yarinya da sunanta da sunan da ke kan allonta. Da ya zo kanmu ya karanta naki, ya murɗe shi irin na Larabawa. Muka shiga. A igiya ta farko na yi gaggawa, na tura tun ruwan bai iso ba, ta faɗi, ta taso tana harara ta. A ta biyu Malama ta ɗaga mini hannu daga gaɓa, na jira, na tura. Inna, ta miƙe. Ta tafi a tsaye har yashi, hannuwa a buɗe, ni kuma ina baya ina ta tafi kamar ba ni ba.

Ta uku ce ta fi ƙarfinmu. Ta zo ta fi sauran tsawo, ta kife mu duka. Da na samu ƙasa na miƙe, na hangi allon ya tafi gaɓa shi kaɗai, robar da ke ɗaure shi da ƙafarta ta kwance. Ita ban gan ta ba. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina dai ya yi yawa. Can sai kanta ya ɓullo, hular rigar ta zamo ta rufe mata ido, tana iyo da ƙarfinta amma cikin teku ta nufa, ruwan kuma yana jan ta gefe. Mai ceto ya busa usur ya taho. Mutane suna ta ihu da Larabci da Turanci da yarukan da ban sani ba, wasu lambar rigarta suke kira. Ba ta juyo ba.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na dai ji wata murya ta ƙwala kiran sunanta, ashe ni ce. Sau ɗaya na kira, ta tsaya cak, ta juyo, ta taho. Na yi gaba har ruwa ya kai mini wuya na cafko rigarta, mai ceton ya iso ya ɗora mu a allonsa mu biyu. Ya ce da ma zai kai gare ta, kuma na yarda. Amma ni ta nufo.

A kan yashi na naɗe ta da tawul. Ta yi tari, ta tofar da ruwa, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Anti, ashe kin san sunana?" Na yi dariya, na yi kuka, a gaban mutane, a gaban ubanta, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Ita ce ta zo ta huɗu a gasar, babu kofi, sai ki ci gaba da shan kunu a kwanonki. Tana ta mita wai turin farko ne ya kayar da ita, kuma da gaskiyarta. Ta ce baɗi in gyara. Malama Zuhra ta roƙi hotonki, tana so ta rataye shi a rumfa tare da na sauran.

Na cika sharaɗi gwargwadon iyawata, hukunci kuma naki ne. Idan har yanzu kina so a sako ta da hutu, zan haɗa kayan, sai dai ba zan ce miki albasa nake yankawa ba. Ina son ta zauna a wurina, Inna. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba.

Ɗanki da Nasir suna gaisuwa. Muhsinat tana gaishe ki. Kin ga na rubuta, kuma hannuna bai karye ba.

Taki mai biyayya,
Safiya

*

Yelwa, Yawuri
Maris, 2019

Safiya 'yata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na sa Sa'adiya ta karanta mini a bayyane bayan na karanta da kaina, don in ji da kunne.

Aro ya ƙare. Ki riƙe 'yarki, ta zo mini hutu kamar kowace jika. Hoto an ɗauka, sun ce in yi murmushi na ƙi. Na ba Dikko gora guda ya kai wa 'yar Maroko ta rataye a gefen hoton. Idan ma'aikatan filin jirgi sun tambaye shi, ya ce musu jirgin ruwa ne.

Saura abu ɗaya. Uwata sau ɗaya ta kira ni, a cikin kogi. Ta rasu ina jiran na biyu. Ke kada ki jira ruwa. Ki kira ta ta zo ta ci abinci, ki kira ta ta ɗauko miki tsintsiya.

Ki gaishe da Mika'ilu da Nasir. Ki gaishe da ta huɗu. Allah ya yi muku albarka, ya sada mu da alheri.

Inna Sabuwa